Hattara da masu tallar garin gahawa da sunan Yirgacheffe

'Yan uwa masu tace gahawa da hannu a gida, ku ji abin da ya same ni, don kada wani ya sake faɗawa hannun mutumin nan ko irinsa.

A Instagram na ga tallarsa. Hotuna masu kyau, mazurari irin na V60, takardun tacewa, da leda mai ɗauke da sunan Yirgacheffe, wato yankin nan na kudancin Habasha da gahawarsa ta yi suna wajen ƙamshi kamar na fure da ɗanɗano mai tsami kaɗan irin na lemo. Ya ce sabuwar gasawa ce, zallar arabika, wato irin gahawa mai daraja. Na nemi ƙwayar gahawar da ba a niƙa ba, ya ce gari kawai yake sayarwa, wai don ya hutar da masu saye. Kuɗi kuma sai an tura kafin kaya su tashi. Cinikin biri a sama ke nan, na kuma yi.

Da kayan suka iso na haɗa yadda na saba. Na jiƙa takardar da ruwan zafi, na auna gari giram 15, ruwa giram 250 wanda ya ɗan huce bayan tafasa, wajen digiri 93. Zubin farko ɗan kaɗan ake yi, a jira kamar daƙiƙa 30. A nan ne gahawar da ba ta daɗe da gasuwa ba take kumbura tana kumfa, saboda iskar kabon da gasawar ta bari a cikinta tana fita. Wannan ko motsi ba ta yi ba, ta kwanta kamar jiƙaƙƙen yashi. Tacewar da takan ɗauki minti 3 ta wuce minti 6, takarda ta toshe da laka. Da na kurɓa, ɗaci ne da warin ƙonannen hatsi.

Na yi masa magana cikin mutunci. Ya ce hannuna ne bai iya zubi ba, butata ce ba ta dace ba, in sayi tasa mai siririn baki. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, domin sabon shiga zai yarda, ya zargi kansa, ya ƙara tura kuɗi.

Sai na ɗebi ruwan sanyi a kofin gilashi na barbaɗa garin a sama. Gahawa ta gaskiya takan yi ɗan lokaci tana yawo a saman ruwa, ba ta saurin rina shi. Wannan nan take wani sashe ya nutse yana jan zare-zaren launin ƙasa-ƙasa zuwa gindin kofin, alamar an cakuɗa da wani abu. Tsohuwar dabara ce ta maha'inta: gasasshiyar masara, sha'ir, saiwar wani tsiro da ake kira cikori, ko ɓawon gahawar kanta, a niƙa tare da robusta, wani irin gahawa mai araha. Shi ya sa ya ƙi sayar da ƙwaya. A ƙwaya ido na gani: arabika doguwa ce, tsagar tsakiyarta a karkace, robusta kuwa ta fi kewaya, tsagarta a miƙe. In an niƙe, shaida ta ɓace.

Na sake duba ledar. Babu ranar gasawa, babu sunan wanda ya gasa, sai ranar lalacewa can gaba. Da na tura masa hoton kofin, ya toshe ni, ya goge sharhina. Bayan 'yan kwanaki na ga hotunan nan dai a wani shafi da sabon suna, wannan karon ledar ta koma Blue Mountain ta Jamaika.

Duk wanda ya ce muku gari kawai yake da shi, ga suna mai tsada ga farashi a ƙasa, kuma ya kasa faɗin ranar da aka gasa, kada ku tura masa ko sisi. Wanda ya riga ya saya, ya yi gwajin ruwan sanyin nan, ya ɗauki hoto, ya kai ƙarar shafin kamar yadda na yi.