Mai gyaran lambobin soja: ya iya aiki, amma sai kun yi haƙuri da shi

Jama'a duk wanda ke da lambobin yabo na kakansa ko babansa a jibge cikin adaka suna tsatsa, dan Allah ya fito da su a gyara. Ni dai na kai na kakanmu wajen wani dattijo mai aikin firem, tsohon soja ne shi ma, kuma wallahi ban yi da-na-sanin kuɗina ba, duk da akwai inda ya ɓata min rai, zan zo kan wannan.

Kakan namu, Allah ya jiƙansa, cikin mazan jiya yake na yaƙin Hitila. Ya shiga soja a 1940, aka kwashe su zuwa Gabashin Afirka yaƙar Italiya, yana cikin sojojin Najeriya da suka shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941 suka wuce har Habasha. Bayan sun dawo gida aka sake tattara su cikin runduna ta 82 sai ƙasar Bama (Burma) da ke Asiya, dajin Arakan, inda babu hanyar mota, kaya a ka ake ɗauka, abinci ta jirgin sama ake jefo musu, ga ruwan sama ga zazzaɓi ga Japanawa da ba sa miƙa wuya. Shi ya sa ma tambarin rundunar tasu mashi biyu ne a gicciye a kan gammo. Yana wurin lokacin da aka karɓe garin Myohaung daga hannun Japanawa a Janairun 1945, bai dawo gida ba sai 1946 yana saje. Mutanen Legas da ke wuce barikin Myohaung da na Arakan kullum, da yawansu ba su san sunayen nan daga jinin irin su kakanmu suka fito ba, kuma abin yana min ciwo sosai.

To lambobi biyar ya bari. Yadda muka same su kam abin tausayi, ƙyallayen duk sun koɗe sun zama kalar ƙasa, ɗaya ma da zaren buhu aka ɗaure ta. Da na zube su a gaban dattijon nan bai ce komai ba sai da ya ɗauki ta azurfar, ya juya gefenta ya karanto lambar soja da sunan kaka da aka zana a bakinta, sannan ya ɗago ya ce min "ɗana, ka san abin da ka riƙe kuwa? Wannan Military Medal ce, ba a ba mutum ita don ya je yaƙi kawai, sai ya yi jarumta a fagen daga." Na ce Baba ai mu dai gani muke yi a adakar Hajiya. Nan take na san hannun da ya dace na kawo wa.

Abin da ya fi burge ni ya ƙi goge su har su yi ƙyalli. Na so a ce sun fito fes, ya ce a'a, masu sa man goge ƙarfe suna dirza da ƙarfi su ne ke cinye fuskar Sarki Joji na shida da ke jiki, rubutun ya shafe, daga nan lamba ta mutu. Ruwa da ɗan sabulu da buroshi mai laushi kawai ya sa. Sannan ya jera su yadda soja ke sa su a ƙirji, ta jarumtar a farko, sai tauraron 1939-45, sai na Afirka, sai na Bama, ta ƙarshe lambar yaƙi. Ni da aka bar ni da girma da kyau zan jera su. Kuma bai manna komai da gam ba, ɗinki ya yi a kan ƙyalle, ko yau ka so cirewa za ka cire ba tare da lahani ba, tsofaffin ƙyallayen ma bai zubar ba ya sa su a ambulan ya maƙala a bayan firem ɗin.

Yanzu laifinsa. Alƙawari ba ya cika shi a kan lokaci sam, ka kira waya ba ya ɗauka, in ya ɗauka ya ce gobe, goben nan ta yi ta zuwa har ranar tunawa da mazan jiya ta 15 ga Janairu da nake son a rataye firem ɗin ta wuce. Kuma yaron shagonsa ya sa wa tauraron Bama ƙyallen da ba nasa ba, alhali nasa sananne ne, ja a tsakiya, shuɗi mai duhu a gefe da ratsin ruwan lemo. Gaskiya da Baba ya gani da kansa ya kwance ya sake, bai ƙara min ko kwabo ba, amma da wanda bai lura ba ne haka zai tafi da shi gida. Farashinsa ma ba araha ba, sai dai katako mai kyau ya sa da gilashi mai kauri, hoton kaka da kaki da jar dara ya zauna daidai a sama.

Shawarata in za ku kai, ku ɗauki hoton kowace lamba gaba da baya kafin ku miƙa, domin taurarin nan yawanci babu suna a jikinsu, in aka musanya ba za ku gane ba. Ku haɗa da takardar sallama in tana nan, kuma ku kai da wuri, kar ku jira sai biki ya matso. Zan sake komawa wajensa da na ƙanin kakarmu, wanda shi kuma Kwango ya je a 1960.