Yaya, ga halin da masu ƙananan shaguna ke ciki a Ingila

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya kasuwa, ya su Anti da yara, a gaishe min da Hajiya da kyau. Ka tambaye ni ko manyan kantuna sun cinye ƙananan shaguna a nan, saboda wannan sufamaket ɗin da aka buɗe muku a bakin titi ya hana ka sukuni. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi yasa na zauna na rubuta, kuma na san ba kai kaɗai ke cikin wannan fargabar ba.

Ba su mutu ba wallahi. A nan Lesta duk layin da ka bi sai ka ga shago a kwana, miji a kan kanta, mata tana jera kaya, yaro ya dawo daga makaranta ya karɓi uban ya je ya yi sallah ko ya ci abinci, galibi kuma iyalin a saman shagon suke kwana. Yawancinsu Indiyawa ne da 'yan Pakistan da Bangaladash. Da yawa daga cikin tsofaffin ma daga Yuganda suka zo, lokacin da Idi Amin ya kore su a 1972, har hukumar birnin nan ta sa talla a jaridar Yuganda tana cewa kar su zo Lesta, suka zo ɗin, kuma su ne suka raya titin Belgrave da kasuwanci.

Amma fa in maganar araha ce, mai shago ba ya ko kusa. Madara, burodi, ƙwai, sukari, duk sun fi sauƙi a Aldi da Lidl, kantunan Jamusawa ne da suka shigo ƙasar a 1990 da 1994, sai su Tesco da Asda da Sainsbury's. Mu masu aikin kula da tsofaffi can muke zuwa sayayyar mako, da yamma kuma a bi kayan da aka manna wa takardar ragi don kwanansu ya kusa ƙarewa. Ba wanda zai yi cefanen wata a shagon kwana sai in kuɗin sun yi masa yawa.

To da me suke rayuwa? Na farko lokaci. Akwai dokar 1994 da ta ce duk kantin da ya wuce murabba'in mita 280 ba zai buɗe fiye da awa 6 ba ranar Lahadi, wata dokar 2004 kuma ta sa ranar Kirsimeti a rufe yake gaba ɗaya. Ƙaramin shago ba ruwansa da wannan, tun asuba har sha ɗaya na dare yana nan, ranar da kowa ya rufe ma ita ce ranar cinikinsa. Sai dai manyan ba su zauna ba, suka fito da nasu ƙanana irin su Tesco Express da Sainsbury's Local waɗanda ba su kai girman da doka ta hana ba, suka shigo har cikin unguwa. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, a 2018 Tesco ta sayi Booker, babban dilan da masu shaguna ke zuwa sari, wanda kuma shi ke da sunayen Premier da Londis da ake liƙawa a goshin shagunan. Kamar a ce mai sufamaket ɗin bakin titinku ya saye dilolin kasuwar Singa, ka sayar ka kasa, ka je sari kuma shi ɗin dai za ka ba kuɗi.

Na biyu, kuma nan nake so ka saurara da kyau, sun mayar da shagon wurin biyan buƙatun da ba na ci ba. Mai mitar kati a shago yake zuwa ya sa kuɗin wuta da gas ta PayPoint, a shago ake karɓar saƙon kayan da aka saya ta intanet a kuma mayar da wanda bai yi ba, wasu har gidan waya ne a ciki. Abin da suke samu a kan waɗannan kaɗan ne, su ma suna ƙorafi, amma wanda ya shigo karɓar saƙo da wuya ya fita bai ɗauki lemo ko burodi ba. Shi yasa maganar POS ɗin nan da kake ta ja da baya a kai, ni dai ina ganin ka sa shi, ko da cajin bai taka kara ya karya ba ƙafa yake jawowa.

Akwai kuma ɓangaren da ba na sha'awa ko kaɗan. Kaso mai yawa na cinikin shagunan nan giya ne da taba da tikitin caca. Musulmin da ya ce ba zai sayar ba yana ji a jikinsa, dole ya nemi wani abin da zai cike gurbin, kuma ina ganin girman waɗanda suka tsaya a kan haka. Su ne ke koma wa naman halal da kayan miya da shinkafa babban buhu, a wurinsu muke samun rayuwa. Doya, manja, garin rogo, attaruhu da kuɓewa a shagunan 'yan Afirka, daddawa wajen Yarabawa, garin gero da tsamiya kuma wajen Indiyawan Gujarat don su ma suna cin gero, da shi nake dama kunu da azumi. Kuka ce dai aiki, sai in wani zai taho daga gida.

Abin da babu a nan shi ne abin da kai kake yi kullum ba ka ɗauke shi komai ba. Ba ƙullin sukari, ba magi guda biyu, ba man gyaɗa na ɗari a leda, komai a rufe yake da awonsa da kuɗinsa, ko ka sayi duka ko ka ajiye. Littafin bashi kuwa ni ban gan shi ba, an ce da can ana yi, yanzu sai dai tsohon kwastoma a ɗaga masa ƙafa zuwa gobe. Wanda kuɗi ya yanke masa a tsakiyar wata wurin rabon abincin taimako yake zuwa ya bi layi. Ka tuna matan layinmu nawa ne suke ɗora tukunya da "rubuta min, in Malam ya dawo zai biya". Sufamaket ba zai taɓa rubuta wa kowa ba, ba zai aika yaro ya kai wa tsohuwa sabulu har ɗaki ba, ba ya zuwa suna ko gaisuwar mutuwa. Shoprite ta buɗe a Ado Bayero Mall a 2014 ana ta zuwa ɗaukar hoto, a farkon 2024 ta rufe, kai kuma shagonka ko rana ɗaya bai rufe ba. Mai albashin yini ba ya sayayyar mako, abin da ya samu yau shi zai ci yau, kuma kai ne ka iya sayar masa da haka. Sai dai bashin a sa masa iyaka Yaya, na san yadda yake cinye maka jari.

Wahalar masu shagunan nan Ingila kam ba a magana. Haya, kuɗin wuta na firij-firij, haraji, ga ɓarayi da suke shigowa da rana tsaka su ɗauki abu su fita. In za su ɗauki ma'aikaci akwai mafi ƙarancin abin da doka ta ce a biya, a Afrilun 2025 an sa shi fam 12.21 a awa ga wanda ya kai shekara 21, shi yasa iyali ne ke tsayuwar, su ba a lissafa musu awa. Wasu sun yi nisa da sana'ar, Anwar Pervez mai kamfanin Bestway da kwandastan bas ya fara kafin ya buɗe shago a Landan a 1963, amma irinsa ɗaiɗaiku ne. Mafi yawa abin da shagon ya saya musu shi ne karatun 'ya'ya, yaran sun zama likitoci da masu haɗa magani da akantoci, ba mai son gadon tsayuwar awa goma sha biyar, sai uba ya tsufa ya sayar wa sabon zuwa, yanzu Tamilawan Siri Lanka ne ke karɓa da yawa.

Don haka maganar cire babban yaronka daga makaranta ya riƙe maka shago, don Allah a bar ta. Ya zo bayan la'asar ya taya ka, ya koyi lissafi da mu'amala da mutane, kuɗin makarantar zangon nan kuma ka bar min, zan turo ƙarshen wata in Allah Ya yarda.