Ma'aunin matsin fetur: wata uku ina aiki da shi a kan tsohuwar Civic ɗina

Shekara biyu ke nan ina farfaɗo da wata Honda Civic ƙirar 1994 da na saya a kwance. Injin ya tashi, fenti ya kama, amma matsala ɗaya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: in na taka totur sai ta shaƙe, in kuma ta yi zafi da rana na kashe ta, sai ta huce kafin ta yarda ta tashi. Sau biyu ina canza famfon mai bisa shawarar makaniki, kuɗi na tafiya, ciwon yana nan. Daga ƙarshe na shiga Ƙofar Ruwa na sayo akwatin ma'aunin matsin fetur, irin mai agogo da tiyo da kawuna kala-kala.

Wannan motar ba ta da bakin gwaji a bututun nozul. A saman filtar mai akwai ɗan ƙaramin noti, shi ake kwancewa a ɗaura ma'aunin, kuma na yi sa'a akwai kan da ya dace a cikin akwatin. Kafin ka taɓa notin, cire wayar batir, buɗe murfin tanki, ka naɗe wurin da tsumma, don man yana fesowa da ƙarfi.

Littafin gyaran motar ya ce in an zare tiyon iska daga ragileta, wato abin da ke daidaita matsin man, a ga 40 zuwa 47 psi (awon matsi), in yana haɗe kuma 31 zuwa 38. Tawa 26 ta nuna a tsaye, na zare tiyon ta hau 33 da ƙyar. Na matse tiyon da ke mayar da mai tanki, allurar ta ɗan motsa kaɗan ta tsaya. Nan na gane ragileta ba ta da laifi, man ne ba ya isowa da ƙarfi tun daga baya. To amma famfo sabo ne, filta sabuwa.

Sai na ɗaga kujerar baya na sa mitar auna wuta a soket ɗin famfon. Batir na ba da volt 13.9, abin da ke isa famfo 10.6 kacal. Wallahi a lokacin raina ya ɓaci, domin famfo biyun da na cire wataƙila lafiyarsu ƙalau, yunwar wuta ce kawai. Mai gyaran wayar mota ya ciro babban rilen da ke ƙarƙashin dashbod ɓangaren direba, wanda ke ba famfo wuta, muka buɗe, ga dalmar ƙafafunsa ta tsattsage kamar zobe. Sanannen ciwon Honda na wancan zamanin ne, zafi na buɗe tsagar, shi ya sa ba na jin kukan famfon nan na daƙiƙa biyu in na murɗa makulli da rana. Ya sake narka dalma, muka kankare tsatsar wayar at (wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota), muka yanke wani tsohon haɗi da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif. Allura ta tsaya cak a 35, na zare tiyo ta hau 44.

Ma'aunin yana da nasa aibun. Tiyonsa gajere ne, ba ya kaiwa gilashin gaba balle ka duba matsi kana tuƙi, alhali a kan hanya ne famfo mai rauni ya fi tona kansa. Woshar da ta zo da shi ta yi yoyo tun ranar farko, sai ta tagulla na saka. Takardar bayaninsa kuwa ba ta faɗi matsin kowace mota ba, dole ka nemo na taka da kanka. Amma allurarsa ba ta rawa, na kuma gwada shi da na wani gareji, bambancin bai kai 2 psi ba.

Shi kaɗai ba zai nuna maka wayar da ta lalace ba, ka haɗa da mita. Makon jiya na kai motar Zariya na dawo da tsakar rana, na kashe ta a Kwanar Ɗangora na yi salla, murɗa ɗaya ta tashi.