Sikanin ƙafa da aka yi min bayan haihuwa

Kwana 12 da yi min siyes, wato tiyatar haihuwa, ƙafata ta hagu ta kumbura tun daga sha-raɓa, ga zafi in ka taɓa, ga ciwo kamar jijiya ta ɗaure. Inna ta ce ai jego ne, a gasa da ruwan zafi a mulmule da man zafi, har an fara ma wallahi. Da na koma a duba ɗinki likita ta auna ƙafafun da tef, ta ce maman beby kar wanda ya sake matsa ƙafar nan, ta rubuta min sikanin Dofla, wanda ake duba gudun jini a jijiyoyi da shi, a ranar.

Ni na ɗauka sikanin sai na ciki. Ashe injin ɗaya ne, ba allura ba komai, jel ɗin nan mai sanyi kawai. Matar da ta yi min ta fara daga matsematsi tana gangarowa har bayan gwiwa, tana danna kan na'urar tana saki, kuma abin da ya burge ni ta juyo min da allon tana bayani, ta ce hajiya kalli nan, jijiya mai lafiya in an danna sai ta lotse ta haɗe, to da ta zo bayan gwiwa ta danna ta danna tawa ta ƙi lotsewa, tana nan zagaye da wani abu toka-toka a ciki, shi ne jinin da ya daskare. Ta matsa ƙasan ƙafar mai lafiya muka ji fuuu jini na wucewa, kala ta cika allon, a ta hagu kuwa shiru. Wajen dannawar ya yi zafi gaskiya amma minti 20 aka gama.

Abin da bai min daɗi ba shi ne jira, awa 3 a benci da jaririya da ɗinki, mai irin wannan matsalar ya kamata a sa ta gaba, tunda gudan jinin in ya ɓalle huhu yake tafiya kuma yana kisa.

Yanzu an fara min allurar Clexane a fatar ciki, sai warfarin na wata 3, duka magungunan hana jini daskarewa ne, ina zuwa gwajin jini, kuma likita ta ce in ci gaba da shayarwa. Inna da kanta ta ɗauke man zafin daga ɗakina.