Horon Dabarun Bincike na Laburaren Jami'a: Yadda Na Same Shi

Sai da na shiga shekarar ƙarshe a sashen kiwon lafiyar al'umma, aka buƙaci babi na biyu na kundin digirina, sannan na gane cewa tsawon shekara uku ba abin da ke kai ni laburare illa neman kujera da wurin cajin kwamfuta. Malamin da ke duba aikina ya mayar mini da babin bayan ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin kusan kowace madogara da na kawo, ya kuma ce in je in yi rajistar horon dabarun bincike da ma'aikatan laburaren ke bayarwa. Na je ne ba da son raina ba, domin a ganina wanda ya iya amfani da Google ba shi da sauran abin koyo a wannan fagen. Zama huɗu aka yi, kuma ingancinsu ba ɗaya ba ne.

An fara da yadda ake jera littattafai a kanta. Malamar da ta koyar da mu ta bayyana tsarin Dewey, wanda Melvil Dewey ya fitar a Amurka a 1876, inda aka kasa ilimi gida goma, daga 000 zuwa 900. Bayanin tarihin ya yi tsawo fiye da kima, har wasu suka fara duba wayoyinsu. Amfanin zaman ya fito ne lokacin da ta ba kowa taken bincikensa ta ce ya tashi ya nemo littafi uku. Nawa binciken a kan rigakafin yara ne, don haka na nufi 614, inda ake ajiye littattafan yaɗuwar cututtuka da kare su. Da na dawo sai ta ce mini: “Ka samo cutar, amma ba ka samo asibitin ba, je ka duba 362.” A can na tarar da littattafan tsarin kula da lafiya da matsalolin jama'a, waɗanda da su ne daga baya na gina rabin babin nawa. Wannan wani abu ne da kanta ke yi wa mai bincike, wanda ban taɓa samu a allon waya ba: littafin da mutum bai san da shi ba yana zaune ne kusa da wanda ya zo nema.

Zama na biyu shi ne ƙashin bayan horon, kuma shi kaɗai ya isa dalilin zuwa. An koya mana yadda ake haɗa kalmomin nema da AND da OR da NOT (wato “da”, “ko” da “ban da”), dabarar da ta samo asali daga lissafin mantiƙi na George Boole, masanin lissafi ɗan Ingila na ƙarni na 19. Da farko abin ya yi mini kama da wasan yara, sai da muka gwada shi a PubMed, rumbun muƙalun likitanci na laburaren likitanci na ƙasar Amurka. Na rubuta tambayata a dunƙule kamar yadda na saba, sakamako ya cika shafuka masu yawan da ba zan iya karantawa ba ko da zan yi wata guda a kansu. Da malamar ta sa na raba tambayar gida uku, wato cutar, da rukunin yaran, da abin da ke hana iyaye kai su, na kuma tara kalmomi masu ma'ana ɗaya a kowane gida, sai sakamakon ya dawo adadin da mutum zai iya zama ya tace a yini biyu. Ta kuma nuna mana bambancin Google Scholar, shafin Google na neman muƙalun ilimi wanda aka buɗe a 2004, da irin waɗannan rumbuna: shi yana kwaso komai ne, mai kyau da maras kyau, ba ya kuma bayyana ƙa'idar da yake bi wajen ɗora wata muƙala a kan wata, alhali rumbunan da aka tace suna da jerin mujallun da suka amince da su. Ba ta hana mu amfani da shi ba, ta dai ce a san shi a matsayin ƙofar shiga, kada a ɗauke shi alƙali.

A nan ne kuma gardamar littafi da intanet ta taso, domin wani ɗalibi ya ce duk abin da aka buga a takarda ya fi aminci. Ni ma haka aka tarbiyyantar da ni, ko da yake a aikace intanet nake bi. Amsar da malamar ta bayar ita ce abin da ya fi zauna mini a rai. Ta kawo labarin muƙalar da Andrew Wakefield da abokan aikinsa suka buga a mujallar Lancet a 1998, wadda ta dogara da yara 12 kacal, ta kuma jefa shakku a kan allurar rigakafin ƙyanda da hangum da rubela, tana danganta ta da cutar galahanga. Mujallar ta janye muƙalar gaba ɗaya a 2010. Wanda ya ɗauko kwafin takarda na 1998 daga kanta zai karanta ta kamar ba abin da ya faru, domin takarda ba ta komawa ta gyara kanta, amma wanda ya buɗe ta a shafin mujallar zai ga tambarin janyewa a kanta. A ɗaya hannun kuma, shafin intanet da mutum ya dogara da shi yau yana iya ɓacewa ko a sauya abin da ke cikinsa gobe, shi ya sa aka ƙirƙiro lambar DOI domin muƙala ta kasance da adireshin da ba ya canzawa. Daga ranar na daina tambayar ko abu a takarda yake ko a allo. Abin da nake tambaya yanzu shi ne wa ya rubuta, wa ya tantance, a wace shekara, kuma me aka ce game da shi daga baya. Littafi na koma wa idan ina son fahimtar fage daga tushe, domin marubucinsa ya riga ya tsara mini abin da ya kamata in fara sani, muƙala kuma idan ina son sanin inda magana ta kwana.

Zama na uku a kan rubuta manazarta da kauce wa satar fasaha ne. An nuna mana Zotero, manhajar da ke tara madogara ta jera su a tsarin rubuta manazarta na APA ko wani, amma an yi abin a gurguje, kwamfutocin ɗakin kuma ba su kai yawanmu ba, dole mutum uku suka riƙa leƙa allo ɗaya. A gida na ƙarasa koyonsa da kaina.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne zama na ƙarshe, wanda aka ce zai yi magana a kan yadda wannan ilimi ke amfanar mutum a wurin aiki. Wanda ya gabatar da shi ya kwashe mafi yawan lokacin yana tallata aikin laburare a matsayin sana'a, tare da bayanin digiri na biyu a fannin kimiyyar laburare da bayanai. Sana'a ce mai mutunci, kuma bayan abin da na gani a zama na biyu ba zan ƙara ɗaukar ma'aikacin laburare a matsayin mai gadin littattafai ba. Sai dai waɗanda ke ɗakin masu shirin zama jami'an lafiya ne da lauyoyi da 'yan jarida da injiniyoyi, kuma abin da suke buƙatar ji shi ne inda dabarar za ta bi su. Misalai kuwa ba su yi ƙaranci ba. A 2023 wata kotun tarayya a birnin New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen shari'a da ba su taɓa wanzuwa ba, waɗanda ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira, ya ƙaga musu, su kuma ba su bi diddigi ba. A fannina kuma, ƙungiyar Cochrane, wadda aka kafa a 1993, aikinta shi ne tattara duk binciken da aka yi a kan magani ko hanyar jinya guda ta auna su, kuma ginshiƙin wannan aiki shi ne iya nema, irin wanda aka koya mana. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a ambata ba, haka nan batun ƙirƙirarriyar basira, wadda kusan kowa a ɗakin yake amfani da ita a ɓoye, jimla biyu ta gargaɗi aka yi a kanta aka wuce.

Akwai kuma matsalar lokaci. Bai kamata ɗalibi ya haɗu da wannan horo sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada ba. An taɓa zagayawa da mu laburaren a makonmu na farko a jami'a, muna cikin cincirindo, ba mu da wata tambaya da muke neman amsarta, saboda haka ba abin da ya shiga. Ina ganin shekara ta biyu ta fi dacewa, a kuma ɗaura shi a kan wani aikin aji na gaske, a ware ɗalibai bisa sashensu, domin rumbun da mai karatun shari'a ke buƙata daban yake da na mai karatun lafiya.

Ga wanda zai yi rajista, ina ba shi shawara ya zo da taken bincikensa a rubuce, ya zo da kwamfutarsa idan yana da ita, kada kuma ya bari zama na biyu ya wuce shi. Ya kuma tambayi ganawar da ake yi da ma'aikacin laburare shi kaɗai, wadda ba a cika sanarwa ba. Ni a can ne malamar ta zauna da ni muka bi madogarata ɗaya bayan ɗaya, ta sa na cire guda biyar da suka fito daga mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai ba tare da tantancewa ba, ta kuma nuna mini yadda zan duba sunan mujalla a DOAJ, kundin tantantattun mujallun da ake karantawa kyauta a intanet, kafin in sake dogara da ita.