Gargaɗi kan manhajojin motsa ido da ake tallatawa a matsayin maganin ƙwaƙwalwa

Duk mai yawan leƙa Facebook ko TikTok ko YouTube zai iya cin karo da tallar wata manhajar waya da ake cewa tana gyara ƙwaƙwalwa ta hanyar motsa ido. Sunayen manhajojin sun bambanta, amma salon tallar kusan ɗaya ne. Ana nuna wani ɗigo yana yawo a fuskar waya, a ce mutum ya riƙa bin sa da ido na 'yan mintuna a kullum, sannan a jero masa alkawura: mantuwa za ta ragu, jiri zai tafi, wanda ɓarin jikinsa ya shanye zai dawo da ganinsa, mai tabarau kuma zai ajiye tabaransa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne halin da na ga wani dattijo na kusa da ni ya shiga. Bayan shanyewar ɓarin jiki, sai ya daina ganin duk abin da ke gefensa na hagu. 'Ya'yansa, cikin kyakkyawar niyya, suka biya kuɗin irin wannan manhaja, kuma da yake tallar ta ce ta wadatar, sai zuwa asibiti ya fara ja da baya har aka daina. Ya shafe watanni yana bin ɗigo, makinsa a manhajar yana ta hawa, kowa yana murna, alhali kuwa bai daina cin karo da bakin ƙofa ba, bai kuma daina barin rabin abincinsa a kwano ba saboda ba ya ganinsa. Kuɗin da aka cire musu bai dame ni ba kamar watannin da suka salwanta, domin watannin farko bayan irin wannan ciwo su ne lokacin da jiki ya fi karɓar horo.

Yaudarar tana tafiya ne saboda an gina ta a kan gaskiya. Kowane ido yana da tsoka shida da ke juya shi, jijiyoyi uku daga ƙwaƙwalwa ne ke ba su umarni, kuma sassan ƙwaƙwalwa da dama suna da hannu a wannan aiki, shi ya sa likita kan duba motsin ido idan yana zargin rauni a kai. Haka nan akwai atisayen ido na gaske a fannin farfaɗo da majinyata. Tun shekarun 1940 likitoci biyu a Ingila, Cawthorne da Cooksey, suka tsara atisayen ido da kai domin masu jiri sakamakon lalacewar cikin kunne, kuma har yau ana amfani da irinsa. Wanda ya rasa rabin ganinsa ana koya masa yadda zai riƙa jefa ido gefen da ya makance domin ya kauce wa haɗari. Sai dai wannan dabarar zama da matsalar ce, ba ta dawo da sashen ƙwaƙwalwa da ya mutu a ƙeya, inda cibiyar gani take. Duk waɗannan atisaye ana ba da su ne bayan an gano ainihin cutar, ana auna ci gaba, ana kuma sauya su gwargwadon halin majinyaci. Mai talla yakan ɗauki sunan wannan ilimi ya jefar da sharuɗɗansa, ya sayar da ɗigo ɗaya ga mai jiri da mai mantuwa da mai yanar ido baki ɗaya.

An riga an gwada babban iƙirarin da ake dogara da shi, wato cewa ƙwarewa a wasan waya tana kaiwa ga ƙaruwar kaifin ƙwaƙwalwa a rayuwar yau da kullum. A shekarar 2010 mujallar Nature ta buga binciken Adrian Owen da abokan aikinsa, wanda aka yi da haɗin gwiwar BBC, inda mutum 11,430 suka yi makonni shida suna horon ƙwaƙwalwa ta intanet. Sun ƙware a wasannin da suka yi ta maimaitawa, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa wasu ayyukan da ba a horar da su a kai ba. A 2014 kuma masana kusan 70, ƙarƙashin wata cibiya ta Jami'ar Stanford da Cibiyar Max Planck da ke Balin, suka fitar da sanarwar cewa babu gamsasshiyar hujjar kimiyya da ke nuna irin waɗannan wasanni suna hana raunin ƙwaƙwalwa na tsufa ko suna juya shi. Wasu masana sun mayar da martani suna kare wasu nau'o'in horon, kuma muhawarar ba ta ƙare ba, amma muhawarar tasu a kan ƙaramin amfani ce, babu wanda ke cewa waya tana warkar da cutar mantuwa.

Wani binciken ya fi dacewa da batun ido kai tsaye. Akwai matsalar da idanu biyu ke kasa haɗuwa a kan abu na kusa, wadda ke sa ciwon kai da gani biyu-biyu lokacin karatu, kuma tana cikin 'yan matsalolin da aka tabbatar atisaye yana taimaka musu. A 2008 aka buga sakamakon gwaji a Amurka kan yara 221 masu wannan matsala. Cikin waɗanda aka horar a asibiti a gaban ƙwararre, tare da ƙarin atisaye a gida, kusan kashi 73 cikin 100 sun samu sauƙi. Waɗanda aka bari da kwamfuta a gida kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku ne, daidai da waɗanda aka yi wa horon bogi domin kwatance. Wannan ya nuna cewa ko a inda atisaye ke aiki, idon ƙwararre yana cikin maganin.

Hukumomi ma sun sha kama masu irin wannan talla. Hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta tuhumi kamfanin Carrot Neurotechnology a 2015 kan manhajarsa ta UltimEyes, wadda aka tallata da cewa kimiyya ta tabbatar tana ƙara ƙarfin gani, kuma masu kamfanin suka amince su biya dala 150,000 su daina iƙirarin. A watan Janairun 2016 kamfanin Lumos Labs, mai manhajar Lumosity, ya amince ya biya dala miliyan 2 saboda tallar da ta nuna wasanninsa na iya kare mutum daga mantuwa da cutar Alzheimer mai lalata ƙwaƙwalwa ba tare da isasshiyar hujja ba. Waɗannan kamfanoni ne masu adireshi da lauyoyi, shi ya sa aka iya kama su. Mai manhajar da babu sunan kamfani a jikinta, wanda yau yana nan gobe ya sauya suna, ba shi da wanda zai riƙe shi. Alkawarin ajiye tabarau kuwa tsohon zance ne, ya samo asali daga wani likita a New York, William Bates, wanda ya yaɗa shi a littafinsa na 1920, kuma likitocin ido sun daɗe da watsar da shi. Rashin hangen nesa yawanci daga tsawon ƙwayar ido yake, wahalar karatu bayan shekara 40 kuma daga taurarewar madubin cikin ido ne, kuma babu juya idon da ke sauya ɗayansu.

Dabarun da ake jan mutane da su sun cancanci a san su. Yawanci ana farawa da gwajin kyauta na minti biyu, wanda kusan kowa ke fitowa daga cikinsa da sakamako mai tayar da hankali, a ce shekarun ƙwaƙwalwarsa sun zarce nasa. Daga nan sai a nuna wani sanye da farar riga, ba a faɗi cikakken sunansa ko inda yake aiki ba, da hotunan ƙwaƙwalwa masu launi, da labaran mutanen da suka warke waɗanda babu hanyar tantance su. Wasu kan rubuta cewa an yi musu rajista da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA. Rajista dabam, amincewa dabam: rajista sanar da hukumar ne cewa kamfani yana nan, kuma ita kanta hukumar ta bayyana cewa hakan ba ya nufin ta gwada kayan. Manhajojin da suka samu izininta na gaske ƙalilan ne kuma iyakarsu a bayyane take, kamar Luminopia da aka ba izini a 2021 domin raunin ido ɗaya ga yara 'yan shekara 4 zuwa 7, bisa rubutun likita. Sau da yawa idan aka gangara ƙasan shafin mai talla za a tarar da ƙaramin rubutu yana cewa manhajar ba ta gano cuta kuma ba ta magance ta, wato ya ƙaryata tallarsa da hannunsa domin ya kare kansa daga shari'a.

Akwai kuma masu aron sunan EMDR, hanyar jinyar firgici mai haɗawa da motsa ido da Francine Shapiro ta ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin shawarwarinta a 2013. Jinya ce mai matakai da ƙwararren likitan halayya ke jagoranta, kuma tono mummunan abin da ya faru mutum yana shi kaɗai a ɗaki na iya ƙara masa damuwa.

Babban haɗarin shi ne jinkiri. Gani biyu-biyu farat ɗaya, ko ɗaukewar gani a gefe ɗaya, ko karkacewar baki da nauyin harshe, alamu ne da ke bukatar asibiti a take, domin allurar narkar da gudan jini tana da iyakar lokaci, kusan awa huɗu da rabi daga farawar alamun. Hawan jinin ido yana cin jijiyar gani a hankali ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa, don haka wanda ya ajiye maganin ɗigawarsa saboda manhaja yana sayar da ganinsa ne. Mai ciwon suga da ya ajiye maganinsa ma haka. Wanda ya bugu a kai kuma, kallon waya da bin abu mai gudu a kwanakin farko na iya tsananta masa ciwon kai da jiri.

Wanda yake son gwada wata manhaja ya fara nuna ta ga likitan ido ko na ƙwaƙwalwa ko ma'aikacin sashen gashi da motsa gaɓɓai da ke duba shi, ya tambaya ko ta dace da cutarsa, kuma kada ya bar magani ko ranar asibiti saboda ita. A riƙa auna ci gaba da abin da ake gani a zahiri, kamar karanta shafi ba tare da tsallake layi ba ko tafiya ba tare da karo ba, a bar makin da mai sayarwa ya tsara da kansa. A kula kuma da izinin kyamara, domin wasu na ɗaukar hoton fuska da bayanan lafiya. Wanda ya riga ya shiga ya sani cewa goge manhaja daga waya ba ya dakatar da cire kuɗi, kuma gwajin kyauta yakan rikiɗe ya zama biyan wata-wata ko na shekara da kansa. Sai ya shiga sashen biyan kuɗi na Google Play ko App Store ya soke rajistar, ya nemi a mayar masa da kuɗinsa, ya ajiye hoton tallar da shaidar biya, sannan ya kai ƙarar manhajar a shagon da ya sauke ta da kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasarsa. Idan kai tsaye aka cire kuɗin daga katinsa, ya sanar da bankinsa a dakatar da cirewar kafin watan gaba ya zagayo.