Hattara da mai sayar da "bizar aikin Maldif" a Jidda da Makka

Jama'a, salamu alaikum. Wata biyar ke nan ina riƙe da wannan magana a cikina, saboda ƙanwata ta roƙe ni in bar kaza cikin gashinta. Shekaranjiya bayan Isha'i wani yaro da muke salla tare a unguwar Karantina ta nan Jidda ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baba, duba mini wannan, kana ganin in shiga?" Ina dubawa na ga hoton nan dai: ɗakunan katako a jere a kan ruwa shuɗi garai-garai, da rubutu a ƙasa wai ana neman ma'aikata 40 a otal-otal na tsibiran Maldif. Hoton da ya raba ɗan ƙanwata da igamarsa, wato takardar izinin zamansa a Saudiyya, da kuɗinsa ke nan. Na kira uwarsa na ce mata shirun ya isa haka. Ta ce in rubuta, amma kada in kama suna.

Yaron namu yana ɗan shekara shida aka zo da shi Saudiyya. A Shara Mansur ta Makka ya tashi, Larabcinsa ya fi Hausarsa gudu. Gyaran waya ya koya, kuma ya iya, sai a 2016 aka mayar da sayar da waya da gyaranta na 'yan ƙasa zalla, ya koma buga-buga. Igamarsa tana ƙarƙashin wata mu'assasa, wato kamfani, da bai taɓa yi wa aiki ko na yini ɗaya ba, irin tsarin da kowa ya sani ba sai na yi bayani ba. A takarda kafili, wato ɗan ƙasar da igamarka ke ƙarƙashinsa, shi ke biyan gwamnati kuɗin ma'aikaci baƙo na riyal 800 a wata, a zahiri kuwa daga aljihun yaron yake fita, ban da abin da kafilin ke ɗorawa na kansa. Duk shekara idan sabuntawa ta matso sai ka ga ya rame. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce kwaɗayi ne ya ja shi. Gajiya ce, kuma mutumin nan gajiyayyu yake farauta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutumin Bahaushe ne ɗan'uwanmu. Ya manyanta, farar riga kullum a goge, carbi ba ya barin hannunsa, kowa Alhaji yake ce masa. Ba shi da ofis. In ka tambaya sai ya ce maktab ɗin yana Riyad, shi wakili ne kawai. A wurin mai shayi ake ganinsa, yau a Sabil, gobe a Hindawiyya. Mako biyu cur bai nemi ko halala ɗaya a wurin yaron ba. Bidiyo kawai yake turo masa, da saƙon murya na wani matashi da ke magana da Hausa, ana jin ƙarar igiyar ruwa a bayansa, yana cewa wallahi ya yi nadamar shekarun da ya ɓata a Jidda. Har yau ban san ko a bakin tekun Obhur na nan Jidda aka ɗauki muryar ba.

Romon bakin da ya yi masa kuwa an dafa shi da kyau. Ya ce ƙasar Musulmi ce, ana kiran salla ko'ina. Gaskiya ne. Ya ce Larabawan Gulf suna zuwa hutu can, otal na son mai jin Larabci. Wannan ma ba ƙarya ba ne. Ya ce ban da albashi akwai kashi 10 cikin 100 da ake ƙara wa baƙi a kan kuɗin hidima a raba wa ma'aikata, kuma ci da kwana na otal ne. Ka bincika za ka tarar haka tsarin yake. Kusan duk abin da ya faɗa a kan ƙasar daidai ne, shi ya sa yaron da ya duba intanet sai hankalinsa ya ƙara kwanciya. Ƙaryar guda ɗaya ce tak: babu wani otal da ya san da zamansa.

Kuɗi kashi uku aka karɓa. Riyal 1,500 na buɗe fayil, 4,000 na biza, 3,500 na tikiti da inshora. Biyun farko an tura su asusu biyu masu sunaye daban-daban, babu wanda ya yi kama da na kamfani. Na ƙarshen hannu da hannu, ba rasit. Ƙanwata ta sayar da warwaronta biyu, ta roƙi uwar adashi ta ba ta kwasar wata.

Daga nan ya zo kan abin da nake so kowa ya buɗe kunne. Ya ce otal ba zai karɓi mai kafili a wata ƙasa ba, dole yaron ya yi huruj niha'i. Duk mazaunin nan ya san bambancin. Huruj wa auda ka fita ka dawo igamarka na nan. Huruj niha'i kuwa ka rufe fayil ke nan, ana ba ka kwana 60 ka bar ƙasa, da ka fita igama ta mutu. Yaron ya same ni a mota ya faɗa mini. Na ce masa, "Kai, yi huruj wa auda ka je ka gani da idonka tukuna." Ya ce, "Kawu, Alhaji ya ce in na yi haka za a soke kwantiragin a bai wa wani, mutum uku ke jiran gurbin." Na yi shiru. Shekara 22 ina tuƙi a garin nan, na ga damfara kala-kala, amma ranar na yi shiru saboda na ga farin ciki a fuskarsa da na daɗe ban gani ba. Ni da kaina na kai shi filin jirgi, na ɗaukar masa jaka har bakin ƙofa.

Takardun da aka ba shi suna wurina, ya turo mini hotonsu. Kwantiragi mai tambarin bishiyar kwakwa da hatimi ja, wanda kowane yaro mai kwamfuta zai haɗa cikin minti goma. Sai wata takarda mai lambar QR da Alhajin ya kira biza. Daga baya muka gane fom ne da ake kira IMUGA, wanda duk mai shiga Maldif yake cikewa a intanet cikin awa 96 kafin saukarsa, kuma kyauta ne. Ita kanta bizar yawon buɗe ido ta ƙasar a filin jirgi ake buga wa mutum, ta kwana 30, ba a biyan ko sisi, in dai kana da wurin sauka da tikitin komawa. Wato riyal 4,000 muka ba da a kan abin da gwamnatinsu ke bayarwa a banza. An kuma koya masa cewa in jami'i ya tambaye shi ya ce hutu ya zo, wai otal ne zai canza masa takarda daga ciki.

Ya sauka a filin jirgin Velana, wanda shi ma a kan ɗan tsibirinsa yake kusa da Male babban birni. Ya ce da fitowarka za ka ga ma'aikatan otal a jere riƙe da alluna, kowa na kwasar baƙinsa zuwa ƙananan jiragen ruwa da ke tsaye 'yan taku kaɗan daga ƙofa. Ya bi allunan ɗaya bayan ɗaya yana neman sunansa. Ya zauna a benci tun hantsi har la'asar sakaliya. Sai ga saƙon murya: manaja ya yi tafiya, ya hau mota zuwa wani ƙaramin masauki a Hulhumale, gobe jirgin ruwa zai zo. Kwana biyu aka biya masa a wurin. Rana ta uku saƙon da ya tura wa Alhajin ya tsaya a kan alama ɗaya, bai shiga ba. Da ya je ofishin jirgin sama da tikitin dawowarsa, aka duba aka ce masa kama gurbi ne kawai aka yi ba a biya ba, ya riga ya faɗi.

A nan nake so in ɗan tsaya, don mu Hausawa akwai abin da ke ba mu ƙarfin gwiwar tafiya, kuma shi ne ya cuce mu a wannan karon. Mun saba duk inda muka faɗa akwai zango. Ka sauka a Kumasi, ko Mai Wurno, ko Fot Sudan, ko nan Makka, ba za ka yi yini ba ka ji ana sannu da aiki ba, wani zai ba ka tabarma, wani ya nuna maka inda ake leburanci. Shi kuwa kwana 24 ya yi bai ji Hausa a bakin kowa ba sai a waya. Ƙasar tsibirai ce kusan 1,200 a warwatse cikin Tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Siri Lanka, waɗanda mutanen ƙasar ke zaune a kansu ba su kai 200 ba. Manyan otal ɗin nan da ake nuna mana, kowanne tsibiri guda ya mallake shi kaɗai. Ba titi ba ne da za ka bi kana ƙwanƙwasa ƙofa kana neman aiki. Sai jirgin ruwan otal ɗin ko jirgin sama mai sauka a kan ruwa zai kai ka, kuma ba sa ɗaukar wanda ba baƙonsu ko ma'aikacinsu ba. Babu tasha, babu kan iyaka da za ka bi ta daji. Male kanta za ka zagaye ta da ƙafa cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, a cunkushe take, kuma kusan duk abin da ake ci da jirgi ake shigo da shi, don haka tsada ba a magana. Ya ce biredi da kifin gwangwani ya riƙa ci sau ɗaya a yini.

Wani Bangali da suka saba a masallaci shi ya warware masa zaren. Ya ce a ƙasar nan mai ɗaukar aiki ne ke neman izini daga hukuma da sunanka da lambar fasfonka tun kana ƙasarku, sai an amince sannan ka taso. Yin aiki da bizar yawo laifi ne, in an kama ka tsarewa ce da kora. Ya nuna masa 'yan ƙasarsu da dillalai suka yi wa irin wannan, sun maƙale shekara da shekaru ba takarda, suna kwana a cushe a ɗaki ɗaya. Ya ce masa, ɗan'uwa, ka fita kafin kwana 30 su cika.

Wani malaminmu a nan da na ba shi labarin ya yi murmushin takaici ya ce, ka san kuɗin wuri da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi, galibinsa daga waɗannan tsibiran aka kwaso shi? Ya ce da can su ke aiko mana da kuɗi, yanzu mu ke kai musu. Na yi dariya duk da ba na cikin halin dariya.

Dawowa Jidda ba ta taso ba, ƙofa ta rufe. Muka bi 'yan'uwa da abokan arziki, direbobi, masu ɗinki, mata masu sayar da abinci, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, muka sayi tikiti ta Doha zuwa Nijeriya. Yanzu yana Kano wurin baffansa a Fagge, garin da ya bari tun bai shiga makaranta ba. In ya yi magana yara na dariyar Hausarsa. Uwarsa na Makka, ba ta sake ganinsa ba sai ta bidiyo, sai dai in Allah ya hore kuɗin umara.

Na san abin da wasu za su ce: me ya hana a kai ƙara? Mun kai. Akwai manhajar Kulluna Amn ta kai rahoton irin wannan, akwai 1900 na ma'aikatar kasuwanci, akwai 930 na harkar yawon buɗe ido. Amma da muka fara neman waɗanda ya cuta don mu haɗu, mun gano mutum shida, huɗu daga cikinsu suka ce kada ma a ambace su. Wani igamarsa ta ƙare, wata kafilinta ya yi mata hurub, wato ya kai rahoton ta gudu daga aiki, kowa na tsoron ya je neman haƙƙinsa ya ƙare a Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar. Mutumin ya san da haka sarai. Bai taɓa tunkarar wanda takardunsa ke tsaf kuma yake da bakin magana ba.

Yaron nan na Karantina na ce masa ya tambayi abu uku a gabana. Lambar sijil tijari, wato rajistar kasuwanci, ta maktab ɗin da lasisinsa, don mu duba a shafin hukuma. Sunan otal ɗin, don mu kira su da lambar da ke shafinsu na ainihi ba wadda za a ba mu ba. Sai takardar izinin aiki daga hukumar Maldif mai ɗauke da lambar fasfonsa. Ya rubuta ya tura. Amsar da ta dawo ita ce, "Ɗana, in babu yarda a tsakaninmu gara ka bari, masu so suna da yawa." Ko minti biyar ba a yi ba aka cire shi daga zauren da ake tura tallar.

Ba aiki kaɗai yake sayarwa ba. Wata baiwar Allah a Madina ta ce ita hutun amarci aka tallata mata na 'yarta, kwana biyar a ɗakin kan ruwa har da jirgi, a kan kuɗin da ko tikitin mutum biyu ba zai saya ba. Ta ba da rabi, aka ce sauran sai biza ta fito, bizar da na riga na faɗa muku ba a nemanta. Ana kuma bin 'yan mata masu aikatau a gidaje da zancen aikin gyaran ɗaki a otal. Wannan ta fi tayar mini da hankali, don namiji ma da ƙyar ya fita.

Lambar da yake amfani da ita bara a kashe take. Sabuwar da ke yawo yanzu hoton masallacin Madina ne a fuskarta, muryar kuwa ita ce dai, da yadda yake jan "ɗana" ɗin nan nasa. Jiya wani ya turo mini tallarsa ta wannan makon. Ɗakunan katakon nan ne a kan ruwa, ko kusurwar hoton bai canza ba, sai dai ya goge Maldif ya rubuta Morishiyos.